Taron "Sauya Tunani" da Tsoron da Ke Zaune a Ofisoshinmu

Wani sabon yayi ya shigo Gombe, kuma daga abin da nake ji, maƙwabciyarmu Bauchi ma ba ta tsira ba. Da wuya mako ya wuce ba ka ga sanarwa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp ba, cewa za a yi taron bita a ɗakin taro na wani otal, inda wani mai horarwa zai koya wa ma'aikata yadda za su "sauya tunani" domin su samu ci gaba da kwanciyar hankali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, kasuwar waɗannan tarurruka ta buɗe, har ta kai makarantu masu zaman kansu da kamfanoni da ƙungiyoyi suna biyan kuɗi a tara ma'aikatansu a yi musu wannan huɗuba.

Na halarci ɗaya daga cikinsu kwanakin baya bisa gayyatar wani abokina. Shugabannin da suka biya kuɗin taron sun zauna a sahun gaba, aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba, aka ɗauki hoto, sannan suka fice ɗaya bayan ɗaya tun kafin a shiga darasin farko. Waɗanda suka rage su ne akawuna da masinjoji da sauran ƙananan ma'aikata. Su mai horarwar ya fuskanta, yana kaiwa da komowa da makirufo a hannu, yana gaya musu cewa talauci a ƙwaƙwalwa yake zaune, cewa duk wanda ya daɗe a matsayi ɗaya mugun tunaninsa ne ya ɗaure shi, cewa mai jin ƙunci a wurin aiki shi ya zaɓar wa kansa ƙuncin. Kusa da ni akwai wani dattijo mai koɗaɗɗiyar hula, yana rubuta kowace kalma a littafin 'yan makaranta da wani guntun biro, yana gyaɗa kai. Na san inda yake aiki, na kuma san irin tsawar da ake daka masa a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Ganin wannan bawan Allah yana rubutawa da hannunsa cewa laifin nasa ne, shi ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan sharhi.

Ba na musun tushen maganar. Gaskiya ne mutum yana ɗauke da wasu aƙidoji a can ƙasan zuciyarsa, waɗanda bai taɓa furtawa ba, bai ma san yana da su ba, amma su ne ke sa shi ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, ko ya ja da baya inda ya kamata ya matsa. Abin da masu wannan sana'a suke tsallakewa, ko don rashin sani ko don sun san wanda ya biya su, shi ne tambayar wanda ya shuka wannan aƙida da wanda yake ba ta ruwa kowace safiya. Tsoron da ke cikin ma'aikaci koya masa aka yi, a wani ɗaki da aka sani, ta hannun mutanen da aka sani.

Na taɓa aiki a wani ofis da ba zan ambaci sunansa ba. Da safe za ka tarar ana hira ana raha, har sai an ji ƙarar motar oga a bakin ƙofa. Masinja zai fita da sauri ya karɓi jaka, idan ya dawo kuwa kowa fuskarsa yake kallo. In ya girgiza kai, an gane cewa yau ba ranar shiga da fayil ba ce. Wanda matarsa ke kwance a asibiti, ya rubuto takardar neman izinin kwana biyu, sai ya linke ta ya mayar aljihu. Wanda ya zo da shawara sai ya haɗiye abarsa. Har mai kawo shayi a hankali yake ajiye kofi. Babu wata takarda da aka rubuta wannan doka a cikinta, babu wanda ya taɓa karanta wa wani ita, amma sabon ma'aikaci ba ya cika mako biyu sai ya haddace ta, kuma shi ne zai koya wa wanda ya zo bayansa. Wata rana akawunmu ya nuna mini kuskure a cikin wasu alƙaluma da oga ya riga ya sa wa hannu. Na ce masa ya shiga ya faɗa, sai ya dube ni kamar na ce ya sa hannu a ramin maciji, ya ce shi ba zai zama na farko ba. Bayan wasu watanni kuskuren ya fito fili, kuma a kan akawun aka sauke laifin.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma binciken zamani bai ƙaryata shi ba. A watan Janairun 2012 kamfanin Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutane 689,003 ba tare da saninsu ba, inda ya rage wa wasu rubuce-rubucen farin ciki da suke gani, ya rage wa wasu na baƙin ciki. Da aka fitar da sakamakon a 2014, an ga cewa kalmomin da mutanen suka rubuta sun karkata zuwa ga abin da aka nuna musu. Tasirin ƙarami ne ƙwarai, amma ta allon waya ne, tsakanin mutanen da babu mai iko da wani. To ina ga wanda yake yini awa takwas a ƙarƙashin mutumin da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa da abincin 'ya'yansa ke hannunsa? Fushin shugaba da fushin masinja ba nauyinsu ɗaya ba, domin na masinja a kansa yake tsayawa, na shugaba kuwa gangarowa yake yi, daga mataimaki zuwa akawu, daga akawu zuwa talakan da ya zo neman a sa masa hannu a takarda, daga nan kuma ya bi kowa zuwa gida ya sauka a kan mata da yara.

Akwai wani tsohon gwaji da ya kamata duk mai kiran kansa mai horarwa ya sani. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin rukuni yana nuna musu layuka a kan kati, yana tambayar wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a bayyane take, sai dai sauran mutanen ɗakin an riga an shirya da su su ba da amsar ƙarya. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana ganin gaskiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya: da aka sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi gaskiya, sai bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Mutumin da ake gwadawa bai halarci wani taron sauya tunani ba, bai rufe ido ya maimaita wasu kalmomi ba. Ɗakin ne ya sauya, sai shi ma ya samu bakin magana.

Sau da yawa ma aƙidar da ta ɗaure jama'a babu mai riƙe da ita da gaske, kowa yana zaton sauran ne suka riƙe. Wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan magidanta matasa 500 a birnin Riyadh na Saudiyya ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari sun amince mata su yi aiki a wajen gida, amma mafi yawansu suna zaton waɗanda suka amince a cikin maƙwabtansu ba su kai haka yawa ba. Ko me mutum yake gani game da aikin mata, darasin a fili yake. Mu ma haka muke da lefe da gara da kayan ɗaki: ka zauna da magidanta a majalisar unguwar Pantami ko Jekadafari da ke Gombe, ɗaya bayan ɗaya kowa zai ce maka nauyin ya fi ƙarfinsa, amma ranar auren 'yarsa sai ya ci bashi saboda abin da mutane za su ce, alhali mutanen nan su ne waɗanda suka gama kuka tare da shi.

Wannan shiru yana da tsada, kuma wani lokaci da rai ake biya. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin rukunan ma'aikatan jinya a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton waɗanda suka fi kyakkyawan shugabanci su ne za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce, saboda su ba sa tsoron faɗa, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti a wannan yanki ya san yadda ƙaramar nas take sunkuyar da kai idan babban likita yana zagayen marasa lafiya. Idan ta ga an rubuta abin da bai yi daidai ba, ta kuma tuna yadda aka ci mutuncin wadda ta taɓa yin magana, mara lafiyar da ke kan gado ne zai ɗauki sakamakon shirunta.

Shi kansa mai shirun bai tsira ba. A Ingila, tun daga 1967, an bi diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a binciken da ake kira Whitehall, aka gano cewa na ƙasan tsani, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, sun ninka na sama kusan sau uku wajen yawan mutuwa a tsawon shekarun binciken, duk da cewa dukansu suna da albashi kuma asibiti kyauta ne. Kashi na biyu na binciken, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya alaƙanta ciwon zuciya da rashin ta cewa a kan aikin da mutum yake yi. Mu a nan muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna yabon mai haɗiye magana, sannan muna mamakin yadda hawan jini da rashin barci suke kama mutanen da ba su kai shekara hamsin ba.

Wasu za su ce duk wannan surutu ne, a ƙara albashi kawai, kamar ba su taɓa ganin mai albashi mai tsoka yana karkarwa a ƙofar ofishin na gaba da shi ba. Wasu kuma za su ce damuwa raunin imani ce, su kuwa sai su koma aya ta 84 a Suratu Yusuf, inda idanun Annabi Yaƙub, alaihis salam, suka yi fari saboda baƙin ciki, su kuma nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, wanda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya kuma ɗauke su a matsayin abin da ake yi wa magani.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake fakewa da kyawawan ɗabi'unmu. Kunya da kara da kawaici da haƙuri, da abin da Fulani ke kira fulaku, su ne suka riƙe gidajenmu, kuma ba zan taɓa goyon bayan a zubar da su ba. Amma a asalinsu na kowa ne, babba yana yi wa ƙarami kara kamar yadda ƙarami yake jin kunyar babba. A ofisoshinmu an raba su rabon zalunci: an bar wa na ƙasa haƙuri da ladabi, na sama ya riƙe tsawa da wulaƙanci. Wanda aka zalunta shi ake ce wa ya yi haƙuri, wanda ya yi zaluncin kuwa sai a ce halinsa ne. Yanzu kuma an ɗauko mutum daga waje, an ba shi kuɗi da makirufo, ya zo ya tabbatar wa wanda aka danne cewa shi ya danne kansa. Wannan cin amana ne, kuma ya fi tsawar muni, domin tsawa tana bar wa mutum sanin cewa an cuce shi, wannan kuwa har sanin take ƙwacewa. Addinin da muke bi ya ce addini nasiha ne, kuma ya ambaci shugabanni a cikin waɗanda ake yi wa nasihar. Shugaban da ya toshe hanyar nasiha da fuskarsa ba shi da hurumin aika ma'aikatansa su je a gyara musu tunani.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ci gaba ne, amma likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi sun ninka ma'aikatansu, ba za su iya ɗaukar duk wanda wurin aiki ya raunata ba. Dole a rage ɓarnar daga inda take fitowa. A samar da hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai koke ba tare da an tura shi ƙauye mai nisa ba, a kuma riƙa duba yadda shugaba yake mu'amala da na ƙasa da shi kafin a ƙara masa girma. Idan kuma lallai sai an yi taron bita, to shugabanni su zauna bayan an ɗauki hoto, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya yaushe rabon da wani na ƙasa da su ya ce musu sun yi kuskure, da abin da ya faru da shi bayan ya faɗa.