Farashin rediyo

Jama'a barkanmu da war haka. Jiya da magariba gaz ya ƙare mana tuwo na kan wuta, na ɗaure butali a bayan moto na zaga depo uku nan cikin Garwa, arewacin Kamaru, na ukun ne ya ce akwai amma jaka takwas, wato sefa 8,000. Na ce haba Alhaji, ba 6,500 gwamnati ta yanke wa mai kilo 12.5 ba? Ya yi dariya ya ce "ɗana ai wancan farashin rediyo ne, je ka saya a rediyo". Na biya, yo ya zan yi uwargida na jira.

Abin haushin shi ne doka fa muna da ita. Akwai ta gasa tsakanin 'yan kasuwa tun 1998, akwai ta kare mai saye ta 6 ga Mayu 2011 wadda ta ce kana da haƙƙin a gaya maka gaskiyar kaya, a biya ka in an cuce ka. Amma yadda aka saba yi tun bayan tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairu 2008, ministan kasuwanci ya kira manyan masu shigo da shinkafa da kifi da masu sukari zuwa Yawunde, a zauna a sa hannu kan takarda sun yi alkawari ba za su wuce kaza ba, a ɗauki hoto a watse.

Ni fa ban ce alkawarin banza ba ne, kar a juya min magana. Shari'a da babban kamfani sai ta ci shekaru, lauyoyinsu sun fi na kowa, kafin a yanke hukunci mai ƙara ya gaji ya bar wa Allah. In kamfani ya yarda ya gyara yau ba sai an je kotu ba ai mu ne da riba. Matsalar ita ce alkawarin da ba mu ga takardarsa ba, ba ranar cikawa, ba a faɗi me zai samu wanda ya saɓa ba, wannan ai kamar ka ba mutum bashi ne ba shaida ba rubutu sannan ka ce masa in ka ga dama ka kawo.

Ku tuna Afrilu 2023 da matasa suka riƙa sa wayoyi a mod abiyon, wato su katse layinsu, da tsakar rana saboda rezo (sabis) ya ƙi, data kuma na tafiya kamar ana zubarwa. Nan da nan aka kira kamfanonin waya suka yi alkawura, wata na zagayowa hukumar ART mai kula da harkar sadarwa ta ci su huɗu tarar sefa biliyan 6. To madalla, amma kuɗin tara ba aljihun masu waya suke shiga ba, tsohuwar da ta sa kiredin 500 ya ƙone ba ta ga ko dala ba. Ni da a ce an mayar wa kowa abin da aka ci masa da ya fi min biliyan ɗin daɗi wallahi.

Sannan mu 'yan arewa namu ya fi ciwo. Kaya ya sauka Duwala, jirgin ƙasa ya tsaya Ngaundere, daga nan sai manyan motoci su gangaro dutse, kowane shinge a miƙa wani abu. Wanda ya sa hannu a Yawunde bai san mai depo ba, in kwantirola masu duba farashi sun fito kuma wa suke rufe wa shago? Ɗan butik na lungu mai buhu biyu, wanda shi ma da tsada dillali ya ba shi.

A buga takardar nan a liƙa ta ƙofar kowane depo daga nan har Kusseri, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, da sunan kamfani da farashin kowane gari da lambar da za a kira. Jiyan ma na ce Alhaji ya rubuta min faktir, wato rasit, na jaka takwas ɗin, ya ce biro ɗinsa ba ya rubutu.