Cire yaro daga darasin ilimin jima'i: abin da dokar Ingila ta ba iyaye da abin da ta hana su

A makarantun firamare da yawa a Ingila, zangon ƙarshe na shekara ne lokacin da takarda ke isowa gida tana sanar da iyaye cewa 'yan aji biyar ko aji shida za su fara darasin balaga da yadda ake samun ciki. Daga nan sai wayoyi su ɗauki zafi. A zaurukan WhatsApp na iyaye Musulmi da Kirista, ciki har da Hausawan da karatu ko aikin asibiti ya kai can, magana biyu ake yawan ji. Wasu su ce doka ta ba uba ikon cire ɗansa daga duk darasin da bai kwanta masa a rai ba. Wasu su ce ai an soke wannan ikon tun 2020. Duka biyun kuskure ne, kuma kowannensu yana jawo wa iyaye asara: na farko ya kai su ga rigima da tara, na biyu ya sa su zubar da haƙƙin da yake hannunsu.

Ra'ayina shi ne wannan haƙƙi ya cancanci a kare shi da ƙarfi. Sai dai ba shi da amfani ga wanda bai san iyakarsa ba, kuma ba shi da albarka ga wanda ya cire yaro daga aji sannan ya bar shi cikin duhu.

Tun 1993 dokar ilimi ta Ingila ta amince wa iyaye su cire 'ya'yansu daga ilimin jima'i, aka sake tabbatar da hakan a dokar 1996. A 2017 majalisa ta yi sabuwar doka, wadda ta fara aiki a Satumbar 2020, ta raba abin gida-gida. Akwai ilimin zamantakewa, wato iyali da abota da mutunta juna da yadda yaro zai gane mai neman cutar da shi a zahiri ko a intanet. Akwai ilimin kiwon lafiya, inda balaga da jinin al'ada suka faɗo. Akwai darasin kimiyya. Sai kuma ilimin jima'i shi kansa. A cikin huɗun nan, na ƙarshe kaɗai iyaye ke da ikon cire yaro daga cikinsa.

Wannan rabon shi ne tushen kusan duk wata rigima. Uban da ya cire 'yarsa mai shekara 12 zai ga ta dawo gida da zanen mahaifa a littafinta, ya ɗauka makaranta ta ci amanarsa. Ba ta ci ba. Manhajar kimiyya ta 'yan shekara 11 zuwa 14 ta ƙunshi gaɓoɓin haihuwa, da zagayowar al'ada, da haɗuwar ƙwan mace da maniyyi, da renon ciki har haihuwa. A shekarun ƙarshe na sakandare kimiyya ta kan taɓo hanyoyin hana ɗaukar ciki da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, har da ƙanjamau, kuma ana iya tambayar yaro a kansu a jarrabawa. Babu takardar da za ta fitar da shi daga wannan. Haka nan darasin da ya ambaci cewa akwai gidajen da maza biyu ko mata biyu ke renon yara, a ƙarƙashin ilimin zamantakewa ake sa shi. Abin da ya tayar da zanga-zangar iyaye a ƙofar wasu makarantun firamare a Birmingham a 2019 ke nan, har babbar kotu ta haramta taruwa a gaban ɗaya daga cikinsu. Iyayen ba su da ƙofar fita ta doka, shi ya sa suka fita titi.

Inda haƙƙin yake aiki, ga yadda yake. A firamare, doka ba ta tilasta wa makaranta koyar da ilimin jima'i ba, ita ke zaɓa. Idan ta zaɓa kuma uba ko uwa suka nemi a cire ɗansu, dole shugaban makaranta ya amince, babu ja-in-ja. A sakandare shugaban zai nemi ya zauna da iyaye, ya bayyana musu abin da ake koyarwa da abin da yaron zai rasa, amma ana sa ran ya mutunta buƙatarsu in ba wani dalili mai ƙarfi ya taso ba, misali fargabar cewa ana cutar da yaron. Ikon iyaye yana ƙarewa idan ya rage zango uku yaro ya cika shekara 16. Tunda zango uku ne a shekarar karatu, wannan yana nufin daga wajen shekara 15 yaron da kansa zai iya cewa yana so ya shiga, kuma makaranta za ta shigar da shi ko iyaye ba su so. Dokar ta shafi makarantun gwamnati da na kuɗi da na addini duka, kodayake an yarda makarantar addini ta koyar da matsayin addininta a kan aure da jima'i.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son amfani da wannan haƙƙi tun farkon shekara zai fara, ba ranar da takarda ta zo ba. Kowace makaranta dole ta rubuta tsarinta na waɗannan darussa, ta tuntuɓi iyaye kafin ta rubuta ko ta sauya shi, ta kuma sa shi inda kowa zai gani, galibi a shafinta na intanet. A karanta shi. Sannan a rubuta wa makaranta a nemi abu uku: jadawalin darussa zango-zango, da bayanin waɗanne ne a cikinsu ta ɗauka a matsayin ilimin jima'i, da ainihin kayan da za a yi amfani da su, wato hotuna da bidiyo da takardun aiki. Tambaya ta biyun ita ce mafi muhimmanci, domin makaranta ce ke ja layin tsakanin zamantakewa da jima'i, kuma makarantu biyu a unguwa ɗaya kan ja shi a wurare daban. Bayan an gani, idan an yanke shawarar cirewa, a rubuta wasiƙa gajeriya ga shugaban makaranta mai ɗauke da sunan yaro da ajinsa da darussan da ake nufi, a ajiye kwafi, a nemi amsa a rubuce. Maganar baki da malamin aji a bakin ƙofa ba ta isa ba. Malami kan sauya, kuma wanda ya gaje shi bai san an yi ta ba. Saboda haka ma yana da kyau a sabunta wasiƙar kowace shekara.

A tambaya kuma ina yaron zai zauna a wannan sa'ar, me zai yi. Wajibi ne makaranta ta ba shi aiki mai ma'ana, ba ta ajiye shi a baranda kamar mai laifi ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne riƙe yaro a gida ranar darasin. Wannan fashin makaranta ne ba da izini ba, kuma idan ya taru ya kai kwana biyar cikin mako goma, ana iya cin tarar kowane ɗaya daga cikin iyaye fam 80 a kan kowane yaro, ta koma fam 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Wata matsalar daga makarantun take. Wasu kan ɗauko ƙungiyoyi daga waje su koyar, su tattara komai a wuni guda, zamantakewa da lafiya da jima'i a haɗe, ta yadda ba a san lokacin da yaro zai fita da lokacin da zai dawo ba. Wasu kuma sun riƙa hana iyaye ganin kayan koyarwa da hujjar cewa haƙƙin mallaka na ƙungiyar ne. Abin ya yi yawa har ministar ilimi ta lokacin, Gillian Keegan, ta rubuta wa makarantu a 2023 cewa wannan hujja ba za ta hana iyaye gani ba. Sabbin ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a Yulin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Satumbar 2026, sun bar haƙƙin cirewa a wurinsa, sun kuma jaddada cewa iyaye su ga abin da ake koyarwa. Idan makaranta ta ƙi, akwai hanyar ƙorafi: shugaban makaranta, sai hukumar gudanarwarta, sai Ma'aikatar Ilimi.

Masu son a soke haƙƙin gaba ɗaya ba mahaukata ba ne, kuma bai kamata a yi musu kallon maƙiya ba. Hujjarsu ita ce ilimin na yaro ne, ba na uba ba. Cewa yaron da ake lalata da shi sau da yawa a cikin gida ko dangi abin ke faruwa, kuma mai cutar da shi ne zai fi kowa son a cire shi daga aji. Wales, yankin Birtaniya mai tsarin iliminsa daban, ta bi wannan hanya: daga Satumbar 2022 darasin ya fara zama dole ba tare da damar cire yaro ba, iyaye suka kai ƙara, babbar kotu ta yi watsi da ita a Disambar shekarar. A Jamus babu ƙofar fita sam, an ci tarar wasu iyaye Kirista da suka hana 'ya'yansu shiga, wasunsu har suka kwana a kurkuku don sun ƙi biya, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ƙi karɓar kokensu a 2011, kamar yadda ta goyi bayan Denmark a irin wannan shari'a a 1976.

Amma hujjar kare yaro daga masu lalata ta riga ta sami amsa a tsarin Ingila. Sanin cewa jikinka naka ne, da gane taɓawar da ba ta dace ba, da sanin wanda za ka gaya wa, duk suna cikin ɓangaren da ba a cire kowa, kuma daidai ne a bar su haka. Ban ga dalilin da uba mai hankali zai ƙi 'yarsa ta koyi wannan ba. Abin da ya rage a ɓangaren da ake iya fita shi ne wanda tarbiyya da aƙida suka fi shiga: yaushe, da wa, a wane matsayi. Malamin da ke gaban yara talatin daga gidaje talatin ba zai iya cewa jima'i kafin aure haramun ne ba, ba zai kuma iya yin shiru a kai ba tare da shirun ya zama darasi ba. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ce iyaye ne ke da fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. A Amurka ma, a ranar 27 ga Yunin 2025, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 ta goyi bayan iyaye Musulmi da Kirista na gundumar Montgomery a jihar Maryland, waɗanda hukumar makarantu ta janye musu damar cire 'ya'yansu daga karatun wasu littattafan labarai a 2023. Kuma akwai abin da masu tilastawa ba sa lissafawa: uban da aka rufe wa ƙaramar ƙofa yakan fita ta babbar, ya cire yaron daga makarantar gaba ɗaya, ya koma karatun gida inda babu malamin da zai lura idan wani abu na damunsa.

A Najeriya muhawarar ta tafi a kan ko duka ko babu. Manhajar rayuwar iyali da yaƙi da ƙanjamau da aka amince da ita a 2003 ba darasi ce mai zaman kanta ba, an barbaza ta ne cikin wasu darussa kamar kimiyya da ilimin zamantakewa, don haka babu wata sa'a da uba zai nuna ya ce a fitar da ɗansa. Da matsin lamba ya yi yawa, a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja. Da an ware abin da ya shafi tsaro da lafiya ya zama na kowa, aka bar sauran ga zaɓin iyaye, da ba a kai ga haka ba.

Yanzu ga nauyin da ke kan wanda ya cire ɗansa. Washegari abokansa za su ba shi labarin darasin a filin wasa, a karkace, da ƙari. Wayar da ke aljihunsa ba ta jiran izinin kowa. Kunya da kara da muka gada suna sa uba ya kasa ambaton mafarki a gaban ɗansa, uwa ta jira sai 'yarta ta ga jini ta tsorata kafin ta yi magana. Amma addini bai taɓa jin nauyin waɗannan batutuwa ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya na farko da ake karantar da yara a zaure da Islamiyya suna bayanin janaba da haila da jinin biƙi da wankansu dalla-dalla. A gida kaka da gwaggo da kawu ne ke cike giɓin da iyaye suka bari. A Leeds ko Manchester babu su kusa. Don haka a karɓi kayan darasin daga makaranta ko da an cire yaron, a karanta, a zaɓi abin da za a faɗa da yadda za a faɗa. Yarinya tana iya fara al'ada tana shekara 9 ko 10, saboda haka maganar ƙunzugu da tsarki da cewa ba cuta ba ce, kafin aji biyar ya kamata a yi ta. A kuma gaya wa yaron tun da wuri cewa zai fita daga aji da dalilin fitarsa, a ba shi amsar da zai ba abokansa idan sun tambaye shi. Idan bakin uba ya yi nauyi, ya nemo malamin Islamiyya ko wata ma'aikaciyar jinya da ya amince da ita, ya zauna a wurin ana yi, domin idan yaron ya kai shekara 15 makaranta shi za ta tambaya, ba uban ba.