Injin kwalama a makarantar 'yata

Makon jiya na je taron iyaye da malamai a sakandaren da 'yata take, nan jihar Ohio a Amurka. Wata uwa ta miƙe, muryarta na rawa, ta roƙi a fitar da injinan sayar da kwalama daga makarantar, don ɗanta mai shekara 15 ya kamu da ciwon suga. Shugaban makarantar ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce da ribar injinan ake biyan motar da ke kai 'yan ƙwallo wasa. Shi ke nan, aka wuce magana ta gaba. Har yau abin na cin raina.

Ga wanda bai taɓa gani ba, akwatin ƙarfe ne da ya fi mutum tsawo, gabansa gilashi, cikinsa haske tar dare da rana. An jera biskit da cakulan da soyayyen dankali layi-layi, kowanne da lambarsa. Yaro ya kara katinsa, ya danna lamba, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya juya, abin ya faɗo ƙasa, ya zura hannu ya ɗauka. Ba sallama, ba ciniki.

Ba wai babu doka ba. Tun 2014, bayan fafutukar Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, gwamnatin tarayya ta ce kada kwalamar da ake sayarwa a makaranta ta wuce kalori 200 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Sai dai dokar na ƙarewa ne minti 30 bayan an tashi. Daga nan injin lemon da ke bakin ɗakin wasanni ya kunna kansa, daidai lokacin da yara ke fitowa daga atisaye da ƙishi. Kwalbar Coca-Cola guda, irin da yake sayarwa, tana ɗauke da sukari giram 65, kusan cokalin shayi 16. Wannan a ƙasar da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ke cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar na fama da ƙiba. Da yake kaso babba na kuɗin makarantu daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, makarantar talakawa ce ta fi rataya a wuyan kamfanin lemo. Faransa kuwa tun 2005 ta kwashe injinan nan daga makarantunta, kuma ba a rufe ko ɗaya ba saboda haka.

Na sani za a ce mini namu na gida Najeriya, masu talla a bakin makaranta, ma da sauƙi? Gaskiya ne, akwai ƙuda a bakin get, zoɓon ma sukari ne, kuma yarinyar da ke tallar kamata ya yi tana cikin aji. Amma dai awara waken suya ce, ɗan wake abinci ne, kuma hedimasta bai ci ko kwabo a kai ba. Iya mai ƙosai ta san ɗan wane ne kai. Ranar da ba ka da kuɗi ta ba ka bashi, ranar da ta ga kuɗin hannunka ya fi ƙarfinka, kafin la'asar labari ya isa gidanku.

'Yata shekarunta 16, ba ta taɓa taya kaya ba, ba ta san a ce “albarka” ba. Da muka je Zariya hutu na aike ta sayen gyaɗa, ta miƙa wa dattijuwar kuɗi ba ko gaisuwa. Matar ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Alhaji, wannan baƙuwa ce?”