Raƙumi Ƙafafu Sama

Gara ce ta ja mini wannan abin, amma ba ita kaɗai ba, akwai hannun mutum a ciki, abokin zamana a majalisa, kuma duk kun san shi. Bayan ruwan Agusta na buɗe akwatin katakon nan da ke ƙuryar ɗakina, na tarar ta gina hanyarta ta jar ƙasa daga gindin gini ta shige ta ƙasan akwatin. Damin Gaskiya Ta Fi Kwabo da nake taƙama da shi ya koma gari, jaridar da ta fara fita tun 1939, ta girme ni ta girmi Hajiya, gara ta gama da rabona a damina ɗaya. Da na ɗora akwatin a kan bulo huɗu, na bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin gini, na zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, da ba a kai nan ba. To, ban yi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne littafin hikayoyin da nake karanta wa jikoki daren Alhamis, tunda babu makarantar allo. Bugun Zariya ne, sule uku na saye shi, kafin naira ta shigo a 1973. Gara ba ta taɓa rubutun ba. Ta cinye zaren da ya riƙe ƙashin bayansa, ta bi kusurwar ƙasa ta lashe lambobin shafi tas, littafi ya rabu gida shida. Hajiya ta ce in kai Sabon Gari a ɗinke mini. Na ce ni da na yi shekara talatin da biyar ina riƙe alli, ba zan biya yaro kuɗi ya huda mini littafi da ƙusa ba.

Kuma aikin na iya shi, wannan kada wanda ya yi mini gardama. Littafi irin wannan ƙunshi-ƙunshi ne: falle huɗu a ninke biyu, shafi 16 ke nan, ƙunshi shida ya ba ka shafi 96. Ba a kusantarsa da salatif, don bayan 'yan shekaru sai ya yi ja, ya bar maiƙo a takarda, ya ɓare da rubutun. Ƙaro ma da wasu ke yabo, na tawada ne, in ya bushe ƙamewa yake yi ya tsattsage a wurin ninki, in damina ta zo kuma ya yi danƙo. Abin da tsohuwar takarda take so kunun fulawa ne. Gwangwanin tumatir ɗaya na fulawa, biyar na ruwa. A dama da ruwan sanyi tukuna har gudaji ya mutu, sannan a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa, kamar minti goma sha biyar, sai ya daina fari ya yi sheƙi. A jefa kanumfari huɗu ko biyar don kada ya yi saurin tsami, a tace da ƙyalle, a bar shi ya huce sarai. In ka shafa shi da zafi ko da kauri, takarda za ta sha ruwa ta yi tudu da kwari, ba kuma za ta koma daidai ba.

Na dafa, na tace, na rufe da faranti na ajiye a bakin taga, na tafi azahar. Na dawo na tarar da takwarana, wannan mai ƙwace mini mata, zaune a tsakar gida da kwanon a tsakanin ƙafafunsa, ya zuba sukari, yana dangwala da ƙosai. Ya sha fiye da rabi. Da na ɗaga murya sai Hajiya ta fito ta tare masa, wai ai mijinta ne, duk abin da aka dafa a gidan nan nasa ne, kuma wa ya ce in sa kanumfari ya yi ƙamshin kunu. Har tambayarsa ta yi ko ya ƙoshi.

Ragowar ta ishe ni gyaran ninki. Duk inda tsakiyar falle ta rabe, sai ka yanko siririyar takarda mai shara-shara, faɗin yatsa, ka shafa mata kunun sama-sama ka liƙa ta bayan ninkin. Sannan ɗinki. Na aro basilla wajen mai gyaran takalmi na bakin masallaci, da zare mai kauri, na goge zaren da kakin zuma don kada ya riƙa ƙullewa. Ƙyallen alawayyo biyu, kowanne faɗin inci ɗaya, a gicciye a ƙashin baya. Huda shida a kowane ƙunshi: ɗaya kusa da sama, ɗaya kusa da ƙasa, biyu-biyu a gefen kowane ƙyalle. Ka shiga ka fita, ka haye ƙyallen, in ka kai ƙarshe ka sarƙo zaren da na ƙunshin da ke ƙasa kafin ka ɗora na gaba. Jan zare kuma a bi tsawon ninki, in ka ja shi waje guda sai ya yanka takardar kamar reza. Duk wannan na yi shi, ko wanda ya koya a Tudun Wadan Zariya sai haka.

Saura bango. Na yanka kwali biyu, na lulluɓe su da ƙyalle, ina shirin liƙa tsohon hoton bangon a gaba, na raƙumin nan da mahayinsa. Kunu ya ƙare. A nan ne mutumin naku da na faɗa ya leƙo zaure, ya tsaya a kaina hannu a baya kamar mai duba gini, ya ce, "Malam, ai wannan wahala ce, farin gam ɗin kafinta za ka sa, ko jikan jikanka ba zai ga ya ɓalle ba." Ya aika yaro gidansa ya kawo, na liƙa hoton da shi. Gaskiya ya faɗa, ba ya ɓallewa. Abin da ya sa ake son kunun fulawa ke nan, in ka yi kuskure ka ɗora ɗanyen tsumma, ya jiƙa, ya saki. Farin gam in ya kama, sai dai takarda ta yage.

Ana kiran magariba aka ɗauke wuta. Abu ɗaya ake yi kafin a haɗa ciki da bango, wanda ko ɗan koyo ya sani: ka sa fensir ka yi 'yar kibiya a saman kwalin ta ciki, ka yi wata a saman ganyen farko, don bango a kife yake kwance lokacin da kake shafa gam, ba ka ganin hoton. Ban yi ba, ina sauri in sami jam'i. Na shafa, na ɗora, na rufe, na sa leda tsakanin bango da ganyen farko saboda danshi, na tura shi ƙarƙashin buhun shinkafar Hajiya. Kwana biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji majalisa ta cika a ƙofar gida. Na zaro shi daga ƙarƙashin buhu, na buɗe tsakiya don in ga ɗinki, ɗinki ya yi kyau, sai na fito da shi a buɗe a hannu. Na zauna a kan dakali, na gyara tabarau, na ɗaga shi sama daidai fuska, fiye da yadda mai karatu yake bukata, don dai a gani a tambaya. Ba wanda ya tambaya. Mai shayi ya dube ni ya sunkuyar da kai yana ta goge teburin da ya riga ya goge. Na ɗauka kwarjinin aikin ne.

Sai ga surukina, mijin ita wadda ba na faɗin sunanta, ya kawo yara. Kun san shi da kunya, shekara goma sha ɗaya bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. An yi Juma'a lafiya?"

Na amsa ta saman littafi, ban sauke shi ba. Ina kallonsa ta gefen tabarau, idonsa ya tashi daga ƙasa, ya hau kan bangon, ya koma ƙasa da sauri. Ya sake tashi. Sai na ga ya ɗan karkata kai gefe guda, a hankali, kamar mai ciwon wuya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Hajiya, ya sake tambayar gajiya. Sau uku yana tambayata gajiya, ni kuwa ina cewa a raina, yaron nan ya san aikin hannu.

Amaryata ce ta fasa ƙwan, 'yar aji biyu. Ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu.

"Ango, ka riƙe littafin a kife."

Na ce, "Ke amarya, tun ba a haifi ubanki ba nake koya wa mutane riƙon littafi." Uban yana durƙushe a wurin.

"To ai raƙumin ƙafafunsa ne a sama. Mutumin ma zai faɗo."

A nan ne ya kamata in rufe littafin in duba. Mai hankali abin da zai yi ke nan, ya yi dariya, ya ce gam ne, a wuce wurin. Ni sai hannuna ya riga kaina, na juya shi. Raƙumi ya miƙe tsaye, majalisa ta sauke numfashi, har na ji wani ya ce yauwa. Na duba gabana, rubutu gaba ɗaya ya kife. Yanzu duk wanda ke wurin ya shaida da idonsa cewa tun fitowata a juye nake riƙe da littafi ina gyaɗa kai, sai da jika ta gyara mini. In na sake juyawa, na tabbata ban san gaba da baya ba. In na bar shi haka, ba na iya karanta ko harafi. Wanzami dai ba ya son jarfa, na tuna yara nawa na dunguri kansu a aji saboda wannan.

Sai na zaɓi mafi muni. Na yi gyaran murya na fara karantawa da ka, tunda labarin falken nan na san shi kamar yunwar cikina. Ina bin layi da yatsa, daga dama zuwa hagu ma, don a kife yake. Na yi layi biyar lafiya lau. Ban san takwarana ya hau dakalin ta bayana ba, sai na ji numfashinsa a kunnena, da warin ƙuli-ƙuli.

"Kaka, yanzu kuma rubutun ne ƙafafunsa a sama."

Surukina ya yi wani irin tari, ya ce, "Baba, bari in duba babur," alhali a mota ya zo. Ya tafi bayan darbejiya ya ba mu baya, ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Takalminsa ma a nan ya bar su.

Na juya shi karo na biyu, na ce to kowa ya zo ya gani da idonsa, bangon ne, ba ni ba. Don in wanke kaina na ci gaba da karatu da ƙarfi daga inda yake. Falke ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya yi sallama da iyalinsa, na juya shafi, sai ga shi ana raba gadonsa. Ƙunshi na uku da na biyar sun yi musanya, daga shafi na 32 na faɗa na 65, tunda gara ta cinye lambobin ni kuma na jera su da ido. Amarya ta ce, "Ango, ai bai mutu yanzu ba, sai ya je Agadas ya dawo."

Shi kuwa mutumin naku, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya gyara zama ya buɗe wa majalisa karatu, wai shi ya sa malaman da ba su ɗinke littafi, warƙa-warƙa suke barinsa a cikin gafaka, kuma a ƙasan kowace warƙa ana rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, ko iska ta watsa su sai ka jera abinka. Wannan gaskiya ne, na sani tun kafin ya sani. Amma a bakin wa? Mutumin da ya ari juzu'i na biyu na wannan littafin a 1999, shekarar da aka koma mulkin farar hula, ya ce kwana uku. Na tambaya ya ce ya dawo da shi. Na sake tambaya ya ce ya ba Hajiya, Hajiya ta ce ita goro kawai ya taɓa ba ta, shi ma ɗaya. Da azumin bara na shiga zaurensa na gan shi da idona, ya tokare rediyonsa da shi don ƙafa ɗaya ta karye. Na yi shiru saboda watan da ake ciki. Gam ɗin ma da ya kawo, daga baya yaronsa ya zo wai a ba da kuɗin rabin kwalba. Kuma duk zaman da ya yi a majalisa yana kallon raƙumin nan a kife, ya fi kowa kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa, bai ce uffan ba sai da yara suka gama da ni.

Hajiya da labari ya kai mata cikin gida, cewa ta yi gyaran gangar Abzinawa, ta ƙara wa takwarana nama a miya. Gyaran yana yiwuwa, sai an bi ta cikin bango da reza an yanke ƙyallen biyu, a warware ɗinkin, a sake jera ƙunshin, a yi sabon kwali. Hoton raƙumin ne ba zai fita ba, ya tafi ke nan. Yaran kuma sun ce a bar shi haka, wai ya fi daɗi falke ya mutu sannan ya je Agadas.

Surukina bai sake zuwa ba tukuna, direba yake aikowa da yaran. Jiya mutumin naku ya aiko wai in ara masa littafin ya nuna wa baƙinsa, na ce a ce masa ina barci. Mai gyaran takalmi ma ya aiko a kan basillarsa, na duba inda na san na ajiye ta ban gan ta ba, ina jin tana cikin buhun shinkafar.