Ba a yi wa Marians Pahars adalci ba

Jama'a, yau maganar wani ɗan ƙwallo zan yi wanda yawancin yaran da ke cika gidajen kallo yanzu ba su taɓa jin sunansa ba. Marians Pahars, ɗan ƙasar Latbiya. Waɗanda suka fara bin gasar Firimiya tun lokacin da Kanu ya sauka a Arsenal, farkon 1999, za su iya tuna wani ɗan gajeren ɗan wasan gaba na Southampton mai tsananin gudu, wanda jaridun Ingila suka riƙa kira Michael Owen na Latbiya. A kaka ɗaya suka shigo gasar shi da Kanu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake taƙaita tarihin mutumin nan da jimla biyu: ɗan wasa mai kyau da rauni ya cinye, sannan kocin da ya gaza. Ta farkon gaskiya ce, babu ja. Ta biyun ce ban yarda da ita ba yadda ake faɗarta, kuma zan faɗi dalilina.

An haife shi a 1976 a Yukiren, lokacin duka ƙasashen suna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, amma a Riga, babban birnin Latbiya, ya tashi. Yana ɗan shekara 15 ƙasar ta sake samun 'yancinta a 1991. Ƙasa ce da yau mutanenta ba su cika miliyan 2 ba, kuma ko a cikinsu ƙwallon ƙafa ba ita ce gaba ba, wasan hoki na kan ƙanƙara da ƙwallon kwando sun fi ta jama'a. A irin wannan wuri yaro ya taso, ya shiga ƙungiyar Skonto ta Riga, ya fara buga wa ƙasarsa a 1996 bai cika shekara 20 ba.

Yadda ya shiga Ingila ma abin a tsaya a duba ne. Southampton ta gayyace shi gwaji a farkon 1999, aka saka shi a wasan 'yan benci da Oxford United. Ya ci uku rigis: ɗaya da ka, ɗaya da ƙafar dama, ɗaya da hagu. Koci Dave Jones bai ƙara neman wata hujja ba. Kuɗin da aka biya Skonto kusan fam dubu 800 ne, amma sai da aka sha fama kafin a samo masa takardar izinin aiki, domin a lokacin Latbiya ba ta shiga Tarayyar Turai ba, sai a 2004 ta shiga. Da takardar ta fito ya zama ɗan Latbiya na farko da ya taka leda a Firimiya. Kuma ba lokacin daɗi ya tarar ba. Southampton ta kwashe kusan duk kakar tana cikin ukun ƙarshen teburi, kowa ya gama saka ta a jerin masu faɗuwa. Wasansa na farko a gida, a tsohon filin nan na The Dell, da Blackburn ne a watan Afrilu. Blackburn ta yi gaba da 3 da 1, Southampton ta farke ɗaya, sai Pahars da ya shigo daga benci ya farke ta ukun daf da tashi. Aka tashi 3 da 3. Blackburn ɗin nan, da ta ɗauki kofin Firimiya a 1995, ita ce ta faɗi a ƙarshen kakar.

Sai ranar 16 ga Mayu 1999, wasan ƙarshe, Everton ta zo The Dell. Filin ƙarami ne, mutum dubu 15 da 'yan kai yake ɗauka, kujerun 'yan kallo kuma sun matso har bakin layi, ɗan wasa na jin duk abin da ake faɗa masa. Southampton na da maki 38, Charlton na bin ta da 36. Yaron da bai fi 'yan makonni a ƙasar ba, wanda ko sunansa magoya baya ba su gama iya faɗa ba, shi ya ci duka ƙwallaye biyun da aka doke Everton da su, ta biyun ma da ka, duk da gajartarsa. Na san masu bin diddigi za su ce ai Charlton ta sha kashi a hannun Sheffield Wednesday a ranar, don haka ko da Southampton ta yi rashin nasara ba za ta faɗi ba. Haka ne. Amma lokacin da alƙalin wasa ya hura usur babu wanda ya san haka, kuma da wannan nauyin a kansa ya ci ƙwallayen.

Shekaru ukun da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Ya ci 13 a kakar 1999 zuwa 2000, ya fi kowa a ƙungiyar, duk da Glenn Hoddle da ya karɓi aikin a tsakiyar kakar ya riƙa tura shi gefe maimakon tsakiyar gaba inda ya fi ɓarna. Da suka koma sabon filinsu na St Mary's a 2001, aka yi ta wasa babu nasara a gida har magoya baya suka fara cewa filin ba shi da sa'a. Ƙwallon Pahars ce a ragar Charlton a watan Nuwamba ta kawo nasarar farko. A kakar ya ci 14 a Firimiya ƙarƙashin Gordon Strachan, shi da James Beattie suna gaba, ɗaya ƙarfi da tsalle, ɗaya gudu da wayo. A gida kuwa an zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Latbiya sau uku a jere, 1999, 2000 da 2001.

Daga nan jiki ya fara ƙi. A 2002 aka yi masa tiyata, ya dawo, idon sawu ya samu matsala, kuma wannan idon sawun bai ƙara barinsa ya sarara ba. Southampton ta kai wasan ƙarshe na kofin FA a 2003, Arsenal ta doke ta 1 da nema a Cardiff, shi yana jinya. Ya dawo ƙarshen shekarar ya ci wata ƙwallo a ragar Portsmouth, babbar abokiyar hamayyarsu, wadda ya yanko daga hagu ya lanƙwasa ta can kusurwar raga. Har yau magoya bayan Southampton na maganarta. Kakar 2004 zuwa 2005 kuwa ko wasa ɗaya bai buga ba, kuma a kakar ce ƙungiyar ta faɗi daga Firimiya.

Abin da ya fi ba ni tausayi a tarihinsa bai wuce wannan ba: daidai lokacin da ƙasarsa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, shi da ya fi kowa suna a cikinsu ba shi da lafiyar da zai ja gaba. A watan Nuwamba 2003 Latbiya ta haɗu da Turkiyya a wasan cike gurbin gasar cin kofin Turai, Turkiyyar da ta zo ta uku a gasar cin kofin duniya ta 2002. A Riga Latbiya ta ci 1 da nema. A Istanbul Turkiyya ta sa biyu, filin ya ɗauka an gama, sai Juris Laizāns ya farke ɗaya da bugun tazara, Māris Verpakovskis ya ƙara ta biyu. Haka suka tafi Fotugal, inda aka yi gasar a 2004. Can suka fara cin Jamhuriyar Cek kafin a juya musu wasan 2 da 1, suka riƙe Jamus ta su Ballack da Oliver Kahn canjaras babu ci, Holan ta ci su 3 da nema. Gwarzon wannan tafiya Verpakovskis ne. Pahars daga benci yake shigowa. Har yau babu wata ƙasa cikin ukun yankin Baltik, wato Latbiya, Lituweniya da Estoniya, da ta sake zuwa babbar gasa.

To a nan ne hujjata take, don haka ku ba ni hankalinku. Me ya sa ƙaramar ƙasa irin wannan ta iya riƙe Jamus? Skonto. Ƙungiyar nan ta ɗauki kofin gasar Latbiya sau 14 a jere, daga 1991 zuwa 2004. Aleksandrs Starkovs, wanda ya kai ƙasar Fotugal, shi ne kuma kocin Skonto a lokaci guda. Shugaban Skonto, Guntis Indriksons, shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasar. Idan ka duba tawagar 2004 za ka ga kusan duk ginshiƙanta ko suna Skonto ko daga can suka fita: gola Koliņko, Stepanovs wanda ya je Arsenal, Zemļinskis, kyaftin Astafjevs, Rubins, Bleidelis, Laizāns, Verpakovskis, da shi kansa Pahars. Mutane ne da suka yi shekaru suna atisaye tare a ƙarƙashin koci ɗaya, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin ya ɗaga kai. Yawancin tawagogin ƙasashe kwana kaɗan suke samu su haɗu kafin wasa. Latbiya ta wancan lokacin ƙungiya ɗaya ce da ta sauya riga. Ba na cewa tsarin lafiyayye ne, domin gasar da ƙungiya ɗaya ke cinyewa shekara 14 ba gasa ba ce ta ƙwarai, kuma haɗa shugabancin ƙungiya da na hukuma a hannun mutum ɗaya abu ne da ya kamata a yi tambaya a kai. Amma shi ne abin da ya haifi nasarar, kuma ba a gina wani abu da zai gaje shi ba.

Pahars ya bar Southampton a 2006 da ƙwallo 45 a wasa 156. Ya ɗan taɓa Anorthosis a Saifurus, ya koma Skonto, ya ƙare a Jūrmala. Ya buga wa ƙasarsa wasa 75, ya ci 15. A 2010 ya zama mataimakin Starkovs a Skonto suka ɗauki kofin gasar, wanda shi ne na ƙarshe a tarihin ƙungiyar. A 2011 aka ba shi ragamar, ya ci kofin ƙalubalen Latbiya a 2012. Ya ɗan riƙe tawagar 'yan ƙasa da shekara 21, sai kawai a watan Yuli 2013 aka miƙa masa babbar tawagar ƙasa. Yana da shekara 36, da ƙwarewar shekara biyu kacal a matsayin babban koci.

A ganina nan aka cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Sunansa hukuma ta duba, domin sunan na kwantar da hankalin magoya baya. Me ya tarar? Astafjevs, mai wasa 167, ya riga ya ajiye takalmi. Verpakovskis na daf da bin sa, a 2014 ya yi sallama. Skonto kuwa bashi ya yi mata katutu, har ta kai an hana ta lasisin babbar gasa a 2016, ƙarshen shekarar ta rushe gaba ɗaya. An ba shi guga ne bayan rijiyar ta ƙafe. Duk da haka ya ci kofin Baltik sau biyu, 2014 da 2016. A wasannin neman gurbin gasar Turai ta 2016 bai ci wasa ko ɗaya ba, Latbiya ta ƙare a ƙarshen rukuni da maki 5, kuma masu sukarsa a nan suke tsayawa. Ku duba inda makin suka fito. Kunnen doki da Turkiyya gida da waje, kunnen doki da Cek a Prag, 2 da 2 da Aisilan a gidanta, sai Kazakistan. Uku daga cikin waɗannan ƙasashe sun je gasar. Tawagar da ba ta da tsari ba ta samo maki a irin waɗannan filaye. Abin da ya rasa shi ne ɗan wasan gaba irinsa, mai mayar da rabin dama ƙwallo.

Ba zan wanke shi tas ba. Holan ta zuba musu 6 a Amsterdam a 2014. A watan Oktoba 2016 tsibiran Faro, masu mutum kusan dubu 50, suka zo har Riga suka ci 2 da nema, kuma wannan babu uzurin da zai rufe shi. A watan Maris 2017 Jojiya ta lallasa su 5 da nema a wasan sada zumunta, ya ajiye aikin. Haka kuma wanda ya ce ƙanƙantar ƙasa ba hujja ba ce yana da gaskiya, domin Aisilan da ke rukuni ɗaya da su, wadda mutanenta ba su kai dubu 400 ba, ta doke Holan gida da waje ta wuce. Sai dai misalin Aisilan ni yake ƙarfafa wa gwiwa. Shekaru suka kwashe suna gina rufaffun filaye saboda sanyi, suna horar da masu horar da yara a kowane gari, kafin a ga sakamakon a 2016. Wannan aikin hukuma ne da gwamnati, ba aikin kocin da ake ba 'yan wasa na kwana biyar ba.

Kuma a duba abin da ya faru bayan tafiyarsa. Starkovs da kansa, gwarzon 2004, aka dawo da shi, Latbiya ta ƙare wasannin neman gurbin kofin duniya na 2018 a ƙasan tsibiran Faro. Aka ɗauko Mixu Paatelainen daga Finlan, bai daɗe ba. Aka kawo Slaviša Stojanović, tawagar ta sha kashi a wasa tara a jere a neman gurbin gasar Turai ta 2020, sai a wasan ƙarshe ta samu ta doke Ostiriya 1 da nema, lokacin Ostiriya ta riga ta samu gurbinta. Maki 3 ke nan, ƙasa da 5 ɗin da aka zagi Pahars a kansu. Da a ce an bar shi ya yi shekara biyar ko shida da matasa 'yan ƙasa da 21, ya koyi aikin nesa da hayaniya, ya taso da yaransa, da yau muna da abin da za mu auna shi da shi a matsayin koci. Bayan ya bar tawagar ƙasar, Jelgava ya koma ya horar, a gasar cikin gida.