Kada mu jira sai an kafa rumfa

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana a cikin Ubangiji. Maganar yau ta 'yan gida ce, mu da muke haɗuwa kowace Lahadi a 'yar majami'armu ta Hausa a nan Garwa, da duk wata ƙaramar ikilisiya irin tamu tun daga Ngaundare har Kusiri. Ku yi haƙuri da ni idan ta yi zafi. Abin ya tsaya mini a wuya ne.

Mun iya jana'iza. Gaskiya mun iya ta ƙwarai. A ce wani ya rasu da asuba, kafin rana ta take an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun haya, mata sun ɗora tukwane, matasa sun ɗauko ganga da lasifika. A rukunin WhatsApp saƙo na bin saƙo, kuɗi na shigowa ta Orange Money da MoMo, har wanda ya daɗe yana kukan ba shi da ko dala sai ka ga ya turo nasa. Kuɗin akwati ya fito, na ɗakin ajiye gawa ya fito, na motar da za ta kai gawa gida ya fito, ko Mokolo ne, ko Gidar, ko Yagwa. Mu kwana muna waƙa har murya ta dushe. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin rufa wa juna asiri ranar mutuwa abu ne mai kyau. Abin da nake tambaya shi ne, ina muke lokacin da mutumin nan yake kwance da ransa?

Makon jiya muka binne wata uwa tamu, gwauruwa. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Kullum a bencin baya take zama, kusa da ƙofa, saboda ciwon ƙafa, da littafin waƙoƙinta da ta ɗaure da ƙyalle don bangon ya fita. Tun farkon damina ta daina zuwa. Wurinta ya zauna fayau, mu kuwa muka ci gaba da sujada, muka yi baiko, muka ci jibin Ubangiji, muka gaisa a waje muka watse. Da mata suka shiga gyara ɗakinta bayan ta cika, sai aka ga takardar likita a ninke ƙarƙashin matashin kai, an rubuta magunguna a jere, ɗaya kaɗai aka iya saya. A gefen tabarma ga kwanon kunu ya bushe. Wadda take kai mata kunun nan safe da yamma maƙwabciyarta ce, Musulma, mai suyar ƙosai a bakin hanya. Ita ce kuma ta tare mai mashin ta riƙe ta a baya har asibiti. Allah ya saka mata da alheri, ya albarkaci 'ya'yanta. Mu fa? Abin da muka tara a daren farko na makoki zai sayi duk abin da ke cikin takardar nan har a sami ragowa mai yawa. Muka yi ihu bayan hari.

Da a ce babban coci ne, irin wanda ake sujada sau biyu sau uku mutane ba su san juna ba, da sai a sami abin fakewa. Mu nawa ne duka-duka? Kowa ya san wurin zaman kowa. Mun san wadda ta ɗinka sabuwar atamfa, mun san wanda ya shigo bayan an fara wa'azi, mun san 'yar wa aka gani da wa a kasuwa. Idonmu a buɗe yake tar a kan waɗannan. To yaya mutum zai ɓace mako bayan mako ba wanda ya taka zuwa ƙofarsa? Abin da ya fi ciwo ma, wani lokaci mukan lura, amma sai mu yanke hukunci daga inda muke zaune. A ce ai ta koma wani coci. A ce ai fushi yake tun ranar zaɓen dattawa. A ce ai dama bangaskiyarsa ba ta da ƙarfi. Mutum yana can zazzaɓi yana kaɗa shi, mu muna nan muna cin namansa.

Ku tuna su waye a cikinmu. Akwai waɗanda suka gudo daga Gwoza da Madagali da Mubi a 2014 da kayan jikinsu kawai, wasu sai da suka zauna a sansanin Minawao kusa da Mokolo kafin su gangaro nan. Akwai waɗanda suka sauko daga kan duwatsu neman aikin auduga ko gadi ko dako. Akwai 'yan'uwanmu daga Cadi. Da a ƙauyensu ciwo ya same su, da gwaggo ta zo ta tare a ɗakin, da kawu ya sayar da akuya. A nan ba gwaggo, ba kawu. Ranar da suka tsaya a gaba aka karɓe su cikin ikilisiya muka tafa, mu muka zama danginsu, kuma da bakinmu muka faɗa. In ba mu je ba, ba mai zuwa.

Kowa kuma ya san yadda jinya take a ƙasar nan. Mara lafiya ba ya kwanciya asibiti shi kaɗai, sai da mai jinya a gefensa, wanda zai dafa, ya ɗebo ruwa, ya wanke zane, ya karɓi takarda ya ruga kantin magani ya biya kafin a yi allura, ya kwana a kan tabarma a baranda sauro na cizo. In yaro ya rasa jini saboda zazzaɓin cizon sauro, abin da muke gani kowace shekara daga Agusta zuwa Oktoba, za a ce wa uwar ta kawo masu ba da jini. Ina za ta samo su? Samarinmu, ku nake tambaya. Ku ne kuke haƙa kabari a ƙasa mai tauri, ku ne kuke saɓa akwati a kafaɗa, ba wanda ya taɓa jin kun ce kun gaji. Ƙarfin nan da jinin nan da Allah ya ba ku, ku kai su asibiti tun yaron yana da rai. Damina ta wuce kuma zafin Maris da Afrilu ya shigo, Garwa ta haura digiri 40, tsofaffi suna kwance a ɗakin kwano ba mai miƙa musu ruwan sanyi. Jarka ɗaya ta ruwa a bayan keke ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Na san amsoshin, na sha jin su. Wani ya ce ba shi da kuɗi. Ba a ce sai da kuɗi ba, ɗan'uwana, zumunta a ƙafa take. Ka je ka zauna, ka share tsakar gida, ka karanta masa Zabura, ka kai yaransa makaranta. Wata ta ce tana sa ta a addu'a. Madalla, kada ki daina. Amma Yaƙub a wasiƙarsa ya riga ya yi mana maganar wanda zai ce wa mai yunwa da tsiraici ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai ba shi komai ba, ya kuma tambaya mene ne amfanin hakan. Hoton hannuwa biyu a haɗe da muke turawa a waya ba ya ɗaga mara lafiya ya kai shi bayan gida. Wani kuma ya ce ai aikin fasto ne. Baba Fasto mutum ɗaya ne, da mashin ɗaya, shi ma da gonarsa da iyalinsa. Ko manzanni, da aka yi gunaguni a Urushalima cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, ba su ce za su ɗauki komai su kaɗai ba, mutum bakwai aka zaɓa daga cikin jama'a aka danƙa musu aikin. Iyayena dattawa, da girmamawa nake roƙo, ku duba mana wannan. Muna da kwamitin gini, muna da kwamitin bikin girbi. Masu lura da wanda bai zo ba fa?

Ku buɗe Matiyu 25 ku karanta a hankali. Yunwa, ƙishirwa, baƙunci, tsiraici, rashin lafiya, kurkuku. Duk wanda Ubangiji ya lissafa a wurin mai rai ne, yana jiran a zo. Ku tuna kuma da matar nan a Betanya, a gidan Siman kuturu, da ta fasa tulun man nardi mai tsada ta zuba wa Yesu a ka. Mutane suka yi ta guna-guni, wai ɓarna ce, wai da an sayar fiye da dinari 300. Shi kuwa ya ce a ƙyale ta, ta yi abin da take iyawa, ta shafe jikinsa tun kafin jana'izarsa. Ta ba shi yana gani, yana jin ƙanshin. Mu namu turaren muna ɓoye shi sai ranar da mai shi ba zai shaƙa ba. Duk kalmomin yabon da muke zubawa a bakin kabari, mace ce mai haƙuri, uwa ce ga kowa, wa ya faɗa mata ko ɗaya tana raye?

Ba kowa ne ya yi sake ba, kada in yi zalunci. Akwai wani tsoho a cikinmu da yake bi gida-gida a kan tsohon kekensa bayan an tashi sujada, da 'yan lemu a leda, ba ya sanarwa, ba ya ɗaukar hoto. Akwai mata biyu uku da ba a taɓa kwantar da wani ba su kai tuwo da miyar yakuwa ba. Allah yana ganinku. Amma nauyin ya yi muku yawa, kuma ku ma tsufa yana zuwa.

Ku kuma da kuke kwance kuna ɓoyewa, ina roƙonku ku bar kunyar nan. Na san ba daɗi a gan ka a raunane, na san tsoron a ce roƙo kake. Amma an rubuta cewa mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Ka aiko yaro. Ki buga waya ko sau ɗaya ki kashe, za a kira ki. Ba kwa ɗora wa kowa kaya, haƙƙinku ne a kanmu.

Iyayena mata na Zumunta, ku ne ƙashin bayan ikilisiyar nan, kowa ya sani. Adashin da muke zubawa na anko don taron shekara ba ya fashi ko wata ɗaya. A ware wani abu daga ciki, ko sefa 100 ne kowane mako daga hannun kowace, a ajiye shi asusun jinya, a kuma yarda cewa ba za a taɓa shi don akwati ba. Masu waƙa, waƙoƙin da kuke kwana yi a gidan makoki, ku kai biyu daga ciki ɗakin mara lafiya da yammacin Asabar. Malaman makarantar Lahadi, yaron da bai zo ba sau biyu a jere, ku bi sawunsa har gida, sau da yawa uwarsa ce a kwance.

Don Allah, 'yan'uwana, don girman Allah. Lahadin nan in an yi albarka, kada kowa ya yi saurin fita. Ku tsaya ku dubi bencunan ɗaya bayan ɗaya, ku kira sunan duk wanda babu, a raba gidajen a tsakaninmu tun a nan kafin a kulle ƙofa. Wanda kuma ya riga ya san wani yana kwance a unguwarsu, ko a Yelwa ne ko a Jambutu, kada ya jira Lahadi. Ka sa takalminka ka je yau.