Addu'ar Laraba ta koma WhatsApp, to madalla

An yi an gama. Kun dai ji sanarwar ranar Lahadi bayan baiko: taron addu'ar Laraba ya tashi daga majami'a ya koma WhatsApp. Mai damuwa ya rubuto, sauran su turo Amin. Sannunku da aiki dattawa, wannan hikima ko Sulemanu bai hango ta ba. Daren jiya na leƙa zauren, na ƙirga Amin goma sha bakwai, sai wani bawan Allah da ya shigo da tallar atamfa. Ita kuwa wadda ta rubuta cewa zazzaɓi ya kwantar da ɗanta, har yanzu ba wanda ya taka ƙofar gidanta.

Magana ɗaya gare ni, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: a wurin addu'a muke sanin halin da ɗan'uwa yake ciki. Ranar Lahadi kowa ya ci ado, a yi waƙa, a ji wa'azi, a gaisa a bakin ƙofa, "lafiya lau", a watse. Wa zai faɗi yunwarsa yana cikin shadda? Laraba ce mutum ke zuwa da ƙurar Kasuwar Dole a ƙafarsa, mu zauna mu goma sha biyar kan benci, a tambaya ko akwai mai roƙo. Can sai wata tsohuwa ta gyara murya ta ce a roƙa mata buɗi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma matan zumunta sun ji inda muryar ta karye, washegari tiya biyu ta hatsi da ɗan mai suka isa ɗakinta, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Tsohuwar nan ba ta da babbar waya. Ko da tana da ita ba za ta rubuta ba, kunya ba za ta bar ta ta tona cikinta gaban mutum tamanin ba.

Wai kuɗin kabu-kabu ya yi yawa. Na ji. Ranar biki fa, da ƙafa kuke zuwa? Wai mutane ba sa zuwa, sai 'yan tsirarun nan. To da ma mu nawa ne a Damagaram duka? Tun 1924 da 'yan mishan na SIM suka sauka garin nan, kafin ma a mayar da babban birni Yamai a 1926, yaushe muka taɓa yin yawa? Wani kuma ya jawo mini Matiyu 6:6, wai an ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ɗan'uwa, karanta ayar da ke samanta, da masu tsayawa a kan hanya don a gan su ake. Ka wuce Ayyukan Manzanni sura 12: Bitrus na kurkuku, masu bi suna tare a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna addu'a. Da ya fito can ya nufa, don ya san inda zai same su. Roda ta ji muryarsa, murna ta sa ta bar shi tsaye a waje. Da a zamaninmu ne, sai dai ya ƙwanƙwasa har gari ya waye.

Baba Fasto, da girmanka nake wannan magana, ba raini ba ne. Kai ma kana nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan, kashegari wutar ta kai Yamai. Ba benci, ba rufi, littattafan waƙa sun zama toka. Me ya riƙe mu? Tabarma a tsakar gida, muna addu'a ƙasa-ƙasa. A kan tabarmar nan aka ƙirga mu, aka gane wane bai zo ba, aka tashi yara neman sa. A nan na ji wani dattijo da aka ƙona wa shago yana roƙa wa waɗanda suka ƙona shi gafara, yana yi muryarsa na rawa. Ni a lokacin zuciyata ba ta kai nan ba, jin sa da kunnena ne ya sauko da ni. Wannan ba ya shiga waya.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi ma. Maƙwabcinmu, wanda ya ɓoye mu a ɗakin matarsa a waccan Juma'ar, in ya kwana biyu ba a gan shi sallar asuba ba, kafin hantsi an yi masa sallama. Sahu ne ke nuna wanda babu. Mu kuma da hannunmu muke watsa namu sahun, muna kiran abin ci gaba.

Ni dai Laraba mai zuwa ina bakin majami'a bayan la'asar. In an ba ni makulli, to. In an hana, akwai inuwar bedi, zan zo da tabarma.

Af, tun da na tuna: wanda ya ari babbar tukunyar zumuntar mata tun bikin Ista, don Allah ya maido ta. Da murfinta. Bara ma haka aka yi da bidunan ruwa guda huɗu, a garin da kowa ya san yadda ake shan wuya kafin a cika bido ɗaya, har yau ba mu ga ko marfinsu ba.